Muryar Helma Sallau

Ran da aka fara gwada na'urar nan Jiyau, Lantana mai walda ce ta fara shiga ɗakin ƙorafi. Ɗan ɗaki ne kamar shagon mai gyaran agogo: benci ɗaya, lasifika a bango, da idon kyamara a samanta. Ta zauna, ta cire hular kwano, ta buɗe tafukan hannunta.

"Helma, dubi nan. Wata biyu ina neman sabuwar safar hannu, kullum sai a ce mini gobe. Ƙarfe fa nake riƙewa, ba tuwo ba."

Lasifikar ta yi gyaran murya, irin wanda duk ma'aikatan Tafki suka sani.

"Subhanallahi! Lantana, hannunki ne haka? Wallahi ban ji daɗi ba. Na ji kukanki, ki bar mini maganar a hannuna. Ki yi haƙuri, don Allah. Ai irinku ne ke riƙe da garin nan."

Lantana ta sunkuyar da kai. Da faɗa ta shigo, amma babba ya haɗa ta da Allah, me kuma za ta ce?

"Shi ke nan, Helma. Na haƙura."

A can sama, hawa goma sha tara tsakaninsa da ita, Helma Sallau na ainihi yana zaune a ofishin hukuma da kofin shayi, baki sake. Bai ce uffan ba, amma ga muryarsa can tana lallashi. A allon da ke gabansa, sunan Lantana ya koma kore.

"Ka ji ko?" in ji Dakta Hajjo, injiniyar da ta ƙera na'urar. "Minti ɗaya da rabi. Da kai ne, sai ka ci rabin awa."

"Har tarina ta ɗauka!"

"Har rantsuwarka."

Sallau ya bushe da dariya. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi ya ji har cikin ransa.

Birnin Gangare a ƙarƙashin ƙasa yake. Tun lokacin da zafin sama ya fi ƙarfin ɗan Adam, kakanni suka haƙa hawa ashirin da biyu, suka kwashe kasuwa da masallaci da makaranta suka shige. A can gindi aka tara ruwan da mutum miliyan biyu ke sha, shi ake kira Tafki. Bango goma sha biyu ke riƙe da shi, a bayansu kuma akwai wani dogon lungu, Zauren Ƙasa, inda ma'aikata ke yini suna duba tsaga, suna liƙewa. A bakin zauren akwai ƙyauren ƙarfe da ke rufe kansa idan ruwa ya ɓalle, don kada ya haura unguwanni. Ƙyauren nan ba ya tambayar ko da mutum a ciki.

Lokacin da aka naɗa Sallau helma, wato shugaban ma'aikata, mutum arba'in ne a ƙarƙashinsa, kuma a faranti ɗaya yake cin abincin rana da su. A nan yake karanta mutanensa. Wanda ya tsame hannu da wuri, akwai magana. Wanda ya daina tsokana, magana ta yi nisa. Sai ya ja shi gefe, ya ji, ya gyara abin da zai gyaru, wanda ba zai gyaru ba ya faɗa masa gaskiya. Amma gari ya yi ta girma, ma'aikata suka kai ɗari biyu da sittin a rukuni uku, kunne biyu kuwa ba su ƙaru ba. Nan Hukumar Tafki ta kawo Dakta Hajjo.

Awa ɗari biyu ta yi tana naɗar muryarsa. Ya ba ta labaransa, da barkwancinsa, da yadda yake ban haƙuri. Ta zuba su a ƙwaƙwalwar na'ura, ta sa mata suna Jiyau. Aikinta biyu ne. A ɗakin ƙorafi tana saurare, tana sanyaya zuciya. A cikin hular kwanon kowane ma'aikaci kuma tana zaburarwa: tana auna bugun zuciya, in ta ji jiki ya yi sanyi sai ta kira sunan mutum ta ce, "Sannu da ƙoƙari, ina ganin aikinka." Har jiniyar gargaɗi aka cire, wai tana firgita mutane su tattake juna, muryar Helma ta fi sa a fita cikin natsuwa. Kowane mako sai Jiyau ta yi musu atisayen gudu babu sanarwa, tana ƙirga daƙiƙu.

Hukuma ba ta yi ƙarya ƙiri-ƙiri ba. Abin da ta rubuta a ƙofar ɗakin shi ne: Shigo, Helma yana jin ka.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Wanda ya ce ya haƙura, sunansa ya zama kore, an rufe maganarsa. Wanda ya dawo da kuka ɗaya har sau uku, sunansa ya zama ja, a tura wa Sallau. Wata bakwai suka wuce babu ja ko ɗaya. Aiki ya ƙaru, aka yabi Sallau a taron hukuma, aka ba shi ofis a hawa na uku mai tagar da ke nuna hoton gajimare. Ya yi ta cewa gobe zai sauka ya ga mutanensa. Safar Lantana kuwa sai bayan wata uku ta iso, ba don ta yi ƙorafi ba, sai don lokacin rabo ya yi.

Wata Juma'a, ana fitowa daga masallaci, ya hango Baba Mati yana neman takalminsa. Baba Mati shi ne mafi tsufa a masu liƙe bango, kuma a hannunsa Sallau ya koyi aiki tun yana ɗan shekara goma sha tara. Bazazzagi ne, Sallau Bakano, don haka shekara talatin ba su taɓa haɗuwa ba a yi tsiya ba. Sallau ya ƙarasa yana washe baki, ya shirya amsar da zai mayar.

Tsohon ya ɗan rusuna.

"Ranka ya daɗe. An sauko lafiya?"

Ranka ya daɗe? Daga bakin mutumin da ya sha murɗe masa kunne?

"Baba, ni ne fa. Lafiya kuwa?"

"Lafiya ƙalau, ranka ya daɗe. Waccan maganar ma na bar wa Allah."

"Wace magana?"

Baba Mati ya dube shi, duba mai tsawo, babu fushi a ciki, kuma rashin fushin ne ya fi ba Sallau tsoro.

"Wadda aka ce in bar maka."

Ya zura takalmi, ya ce rukunin yamma na jiran sa, ya shige cikin jama'a.

Sallau bai bi ta gida ba. Ofis ya koma, ya zauna gaban allo, ya yi abin da bai taɓa yi ba tun makon farko: ya buɗe korayen sunayen ɗaya bayan ɗaya, yana saurare.

Akwai na safar hannu, akwai na hutu, akwai wanda aka tsallake a ƙarin girma. Sai ya iso kan muryar Baba Mati, ta wata biyar da suka wuce.

"Helma, Bango na Bakwai yana gumi. Kullum da safe ina ɗora tafin hannuna a kansa, shekara arba'in ke nan. Yanzu sanyinsa ya sake. Na lasa, babu gishirin siminti, ruwan Tafki ne zalla. Ka zo ka taɓa da kanka."

Sai muryarsa, tasa ta kansa, har da gyaran murya: "Na ji, Baba. Ka bar mini maganar a hannuna. Ka yi haƙuri, don Allah."

"To, Helma. Tunda ka ji, shi ke nan."

Kore.

Ya ci gaba da buɗewa. Lantana ta faɗa. Tanimu mai famfo ya faɗa. Mutum arba'in da ɗaya suka kawo maganar Bango na Bakwai, kowa sau ɗaya tak, kowa aka ba shi haƙuri, kowa ya karɓa ya fita. Ya kira Dakta Hajjo, ta hau zuwa ofishinsa tana mitar an katse mata hutun Juma'a.

Ta duba, ta ɗaga kafaɗa.

"Ma'aunan da ke cikin bangon ba su nuna komai ba. Jiyau ta lissafa shi cikin fargabar ma'aikata, ta kwantar musu da hankali, aikinta ke nan. Da abin ya dame su da gaske, ai da sun maimaita."

"Dakta, don Allah a wane gida kika tashi?"

"Ban gane ba."

"Babanki ya taɓa ce miki ki yi haƙuri, ki bar masa magana a hannunsa, kika koma washegari kika sake tayar da ita? Ai kin ce masa maƙaryaci ke nan! Mutanen nan ba mantawa suka yi ba. Kara suka yi mini. Jira suke in cika alkawari, ni kuwa ban ma san na ɗauka ba."

Dakta Hajjo ta mayar da ido kan allon. Ita ma ɗiyar gida ce, ta san haka sarai. Ba ta dai taɓa tunanin sanya shi cikin lissafi ba.

Saura murya ɗaya a jerin, ta mako uku da suka wuce. Baba Mati ne ya sake shiga, amma ba da ƙorafi ba.

"Helma, tambaya gare ni. Ranar da tsohonka ya kawo ka wurina, me ya miƙa mini?"

"Amana ya miƙa maka, Baba," in ji lasifikar, cikin taushi, "kuma ka riƙe ta."



"Tsumagiya ce," in ji tsohon. "Goro uku da tsumagiya. Ya ce in ka yi ƙiwa in zane ka. Na gode."

Daga wannan ranar babu wanda ya sake taka ɗakin ƙorafi, ko mutum ɗaya a cikin ɗari biyu da sittin. Jiyau ta rubuta a rahotonta cewa gamsuwar ma'aikata ta kai ɗari bisa ɗari.

Sallau ya dafe kai. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, har ya rasa inda zai sa idonsa. Yana cikin wannan hali ne gefen allon ya fara walƙiya. Ma'aunin Bango na Bakwai, wanda ya yi wata biyar yana barci, ya farka gaba ɗaya. Lambobi suka riƙa hawa kamar ana kora su.

"Innalillahi," in ji Dakta Hajjo. "Ya tsage ta ciki."

"Minti nawa?"

"Sha biyar. Wataƙila ƙasa da haka. Da ruwa ya taɓa ƙasan zauren, ƙyaure zai fara sauka."

Mutum talatin da huɗu ne a Zauren Ƙasa. Sallau ya fizgi makirfo, ya danna maɓallin da ke kai magana cikin kowace hula.

"Jama'a, ku fito! Ku ajiye komai ku fito! Bango na Bakwai zai ɓalle!"

A allo yana ganin su ta kyamara. Babu wanda ya ɗaga kai. Tartsatsin walda na ta tashi, Tanimu na ɗaure kusoshi, wasu biyu na tura baro. A can ƙuryar zauren, a gindin bangon, Baba Mati da mutum biyar suna danna siminti a wata tsaga, gyaran da suka yi ta yi da kansu tunda ba a zo ba.

"Ba atisaye ba ne! Lantana! Tanimu! Ku gudu!"

Lantana ta ɗage gilashin fuskarta, ta ce da na kusa da ita, "Yau kuma da ihu ta zo. An ƙara mata wani salo." Ta mayar da gilashin.

"Wallahi tallahi ni ne! Ni ne Sallau!"

"Haka ta ce ran Talata," in ji Tanimu, ko waiwaye bai yi ba.

Zufa ta jiƙa wa Sallau riga. Ya kira tsohon da dukan ƙarfinsa.

"Baba Mati! Goro uku da tsumagiya! Baba, ni ne!"

Tsohon ya dakata. Ya miƙe a hankali, ya share hannu a wando, ya ɗaga kai ya dubi kyamara. Sallau ya ji kamar cikin idonsa yake kallo.

"Ai ni na gaya miki wannan," in ji Baba Mati. "Sauran kuma duk ya zuba miki, an ce awa ɗari biyu ya yi. In Sallau ne, ya san hanya. Ya sauko."

Ya juya ya ɗauki cebur.

Lif daga hawa na uku zuwa na ashirin da biyu minti goma sha ɗaya yake yi. Sallau ya san haka, don wannan minti goma sha ɗayan ne ya yi wata bakwai yana jin ƙyashinsu. Dakta Hajjo na kiran sa, bai tsaya ba. Ya faɗa ciki da rigar Juma'arsa, babu hula, babu takalmin aiki. Lambobin hawa suka riƙa sauyawa a hankali kamar da gangan. Ya doki ƙofar da hannu, ya yi salati, ya sake duka. Wajen hawa na goma sha takwas ya fara jin wani gurnani yana tasowa ta tafin ƙafarsa. Hawaye suka zubo masa, bai share ba.

Ƙofa ta buɗe. Ƙasan zauren ya riga ya jiƙe, ƙyauren ƙarfe ya fara saukowa yana kuka. Sallau ya sunkuya ya shige da gudu.

Lantana ce ta fara ganin sa. Bai ce komai ba, numfashi ma ya gagare shi. Fuskarsa kawai ta kalla, ta yar da abin waldar.

"Helma ne! Jama'a, Helma ne da kansa! Ku gudu!"

Kafin ka ce me, zauren ya yamutse. Mutanen da suka ji ihunsa tun minti goma sha biyu da suka wuce ba su motsa ba, ganin sa na daƙiƙa ɗaya ya ishe su. Suka yi ta wuce shi, yana tura su, yana ƙirgawa. Ashirin. Ashirin da biyar. Ashirin da takwas. Ya nufi ƙurya, inda Baba Mati da mutanensa suka ajiye cebur suka taho, amma nisan ya yi yawa, tsohon kuma ba ya iya gudu, sauran biyar ɗin sun ƙi sakin hannunsa.

Sai bangon ya buɗe.

Tanimu da wani ƙato suka rungumo Sallau ta baya, suka ja shi yana turjewa, suka mirgina ta ƙarƙashin ƙyauren. Abin da ya gani na ƙarshe shi ne Baba Mati tsaye, ruwa har gwiwa, ya ɗaga masa hannu. Ya gane shi. Ƙarfe ya haɗu da ƙasa.

Ran sadakar uku, Sallau yana zaune a bakin tabarma a ƙofar gidan Baba Mati. Ya riga ya zaga gidaje biyar. Babu wanda ya zage shi, da ma an zage shin da ya fi masa sauƙi. Ya yi wa ransa alkawari, kuma ya faɗa a gaban kowa: ya bar ofishin sama, kullum da su zai sauka, a faranti ɗaya.

Aka ce ana sallama da shi. Dakta Hajjo ce a bakin lungu, da mayafi har ƙasa, idanunta sun kumbura.

"Helma, ya haƙuri? Na ga gara ka ji daga bakina. Kwamitin bincike ya gama zama."

"Za su kashe Jiyau?"

Ta girgiza kai.

"Sun ce Jiyau ba ta yi kuskure ba. Sun kalli hoton zauren, sun ga murya ta yi minti goma sha biyu ba a bi ta ba, fuska kuwa daƙiƙa ɗaya ta ishe ta. Sun ce abin da ya rage mata jiki ne. Za a ƙera guda goma sha biyu masu kamarka, kowane bango da nasa helman, yana yawo a cikin ma'aikata, yana zama wurin cin abinci."

"Ban yarda ba. Wallahi ko yatsana ba za su auna ba."

"Ba izini suke nema ba. Ni ma na ce ba da ni ba, sun ba wani aikin." Ta sauke murya. "Kyamarar lif ta ɗauki komai, Helma. Minti goma sha ɗaya kana tsoro, kana kuka. Sun ce irin fuskar da suke buƙata ke nan."

Ya daɗe a tsaye bayan ta tafi. Da ya koma tabarma, Tanimu ya iso yin gaisuwa. Ya durƙusa, ya miƙa hannu, Sallau ya karɓa. Amma Tanimu bai saki ba. Ya riƙe hannun, ya ɗan matsa shi, yana laluben ƙashi da ɗumin jini. Ashe labari ya riga ya sauka ƙasa.

"Kai ne dai, Helma?"

"Ni ne," in ji Sallau.

Tanimu ya gyaɗa kai, ya yi masa ta'aziyya, ya koma gefe ya zauna, amma bai daina satar kallonsa ba.